Waƙa da Wasa a Ajin Ingilishi: Tarken Yadda Ake Koyar da Ƙananan Yaran Hausawa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya gitta ta bayan makarantar nazare ko ƙananan azuzuwan firamare da hantsi, a Kano ne ko Sakkwato ko unguwar Sabo ta Ibadan, da wuya ya wuce bai ji muryoyin yara suna rera wata waƙa ta Ingilishi ba, ana tafi ana buga ƙafa. Iyaye kan yi farin ciki idan yaro ya komo gida ya rera irin wannan waƙa, har su ce ai wane ya fara jin Turanci. Malamai kuma sun ɗauki rerawa a matsayin hanya mafi sauƙi ta riƙe aji mai cunkoso. Saboda kowa ya gamsu da abin, ba a faye tsayawa a tambayi abin da yaron ya koya a cikinsa ba.

Tambayar tana da nauyi idan aka dubi matsayin Ingilishi a tsarin ilimin ƙasar nan. Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen muhallinsa, sa'an nan daga baya a koma Ingilishi. A watan Nuwamba na 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da a yi shekaru 6 na firamare da harshen uwa, amma a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi ya ba da sanarwar soke wannan tsari da mayar da Ingilishi harshen koyarwa tun daga nazare. Ko wane tsari ne ke aiki, makomar karatun yaro ta rataya a kan irin Ingilishin da ya samu a shekarunsa na farko, kuma kaso mai yawa na wannan Ingilishi ta bakin waƙa yake shiga kunnensa.

Manufar wannan takarda ita ce ta yi tarken wannan hanya. Za ta nuna cewa waƙa tana da amfani na haƙiƙa wajen koyar da harshe, amma yadda ake aiwatar da ita a azuzuwan yaran Hausawa an juya ta ne a baibai: an aro jigo da kalmomi daga wata al'umma ta nesa, sa'an nan ana rera su da karin Hausa. Abin da ya kamata shi ne a aro ƙirar wasa daga dandalin Bahaushe, a riƙe bugun Ingilishi yadda yake.

2.0 Hujjojin Masu Goyon Bayan Hanyar

Hujjojin da aka saba kafawa sun kasu gida uku. Ta farko ta shafi halin da zuciyar mai koyo take ciki. Krashen (1982) ya yi bayanin cewa tsoro da fargaba kan zama shamaki tsakanin mai koyo da harshen da yake ji. Yaron da zai ƙi buɗe baki idan aka tsayar da shi shi kaɗai a gaban aji, sai a ga ya saki jiki idan murya ta haɗu da ta 'yan'uwansa, domin kuskurensa ya ɓace a cikin taro.

Hujja ta biyu ta shafi riƙe abu a ƙwaƙwalwa. Murphey (1990) ya yi magana a kan yadda waƙa kan maƙale a kan mutum ya yi ta maimaita ta ba da niyya ba, wanda hakan bita ce da ba malamin da ya sa. Haka kuma Ludke da Ferreira da Overy (2014), a Jami'ar Edinbara, sun raba mutum 60 gida uku suka koya musu jimloli 20 na harshen Hangari: rukuni ɗaya da magana zalla, ɗaya da magana mai bugu, ɗaya da rerawa. Waɗanda suka rera sun fi sauran iya furta jimlolin daga baya.

Hujja ta uku ta shafi motsin jiki da sauti. Asher (1977) ya gina hanyarsa a kan ba da umurni da harshen da ake koyo, yaro ya amsa da aiki kafin ya iya amsawa da baki. Graham (1978) ta tsara gajerun maganganun yau da kullum na Ingilishin Amurka a kan bugun kiɗan jaz domin mai koyo ya ji inda murya ke dannawa. Maclean da Bryant da Bradley (1987) kuma sun gano dangantaka tsakanin sanin waƙoƙin raino a wurin yara 'yan shekara 3 da saurin gane sautuka da fara karatu daga baya.

3.0 Inda Hujjojin Suka Tsaya

Babu ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka da za a yi watsi da shi, amma wajibi ne a lura da iyakar kowanne. Mutanen da Ludke da abokan aikinta suka gwada manya ne, kuma an ba su ma'anar kowace jimla da harshensu. Yaran da Maclean da abokan aikinta suka nazarta kuwa 'yan Ingila ne, waɗanda suka riga suka mallaki harshen da aka yi waƙoƙin da shi. Waƙar ta jawo hankalinsu ne kawai ga sautukan kalmomin da suka sani tun a goye. Yaron Bahaushe ɗan shekara 5 da ya shiga aji yau ba ya cikin ko ɗaya daga cikin waɗannan rukunoni. Bai san ma'anar abin da yake rerawa ba, bai kuma san inda wata kalma ta ƙare wata ta soma ba.

Bisa ga haka, abin da bincike ya tabbatar shi ne cewa rerawa tana taimaka wa riƙe jerin sautuka. Bai tabbatar da cewa tana haifar da fahimta ita kaɗai ba. Daɗin daɗawa, ƙarfin da waƙa take da shi na dasa abu a ƙwaƙwalwa ba ya tantance daidai da kuskure. Idan aka rera kalma da gurɓataccen furuci sau ɗari, kuskuren ne zai kafu, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan ne ya sa ya zama dole a dubi abin da ke faruwa ga sautin Ingilishi idan ya faɗa bakin yaron da ya tashi da karin Hausa.

4.0 Karin Hausa da Karin Ingilishi

4.1 Ƙirar Gaɓa

Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da wasali (BW), baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali (BWW), da baƙi da wasali da baƙi (BWB). Ba a fara gaɓa da baƙaƙe biyu a jere. Ingilishi kuwa yana yarda da baƙaƙe har uku a farkon gaɓa, kamar a kalmar “street”, har huɗu a ƙarshenta. Kalmomin aro sun nuna dabarar da Bahaushe ke bi idan ya ci karo da irin wannan cunkoso, wato saƙala wasali: “bread” ta koma burodi, “driver” ta koma direba, “glass” ta koma gilashi. Kalmar firamare ita kanta ta tattara abu biyu, saƙala wasali da mayar da /p/ zuwa /f/. Ba Hausa kaɗai ke da wannan hali ba, domin Yarbanci ma haka yake yi wa kalmomin aro.

A maganar yau da kullum saƙala wasali ba ya hana fahimta sosai. A waƙa kuwa kowace gaɓa tana da gurbinta a cikin rauji. Idan yara suka mayar da kalma mai gaɓa ɗaya ta zama mai gaɓa uku, dole ne a gutsure wani wuri ko a miƙar da raujin domin ƙarin ya samu wurin zama. Malamin da bai lura ba yakan bi yaran, a wayi gari aji duka ya daidaita a kan sabon kari wanda ya saɓa wa na asali.

4.2 Nauyi da Danni

Tun daga Greenberg (1949) zuwa Galadanci (1975) da ayyukan Schuh, an tabbatar cewa karin waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa aka gina shi: BW gaɓa ce marar nauyi, BWW da BWB masu nauyi ne, kuma jeruwarsu ce ke ba da kari. Karin Ingilishi kuwa a kan danni yake, wato a furta wata gaɓa da ƙarfi da tsawo fiye da maƙwabtanta, a raunana sauran har wasulansu su kusa ɓacewa. Abercrombie (1967) ya sanya Ingilishi cikin harsunan da ke auna lokaci da danni, ya sanya Yarbanci da Faransanci cikin masu aunawa da gaɓa. Ko da yake awon da Roach (1982) ya yi ya nuna rabon bai kai tsaurin da aka zata ba, raunana gaɓoɓin da ba a danna ba siffa ce tabbatacciya ta Ingilishi. Alal misali, a dubi waɗannan jimloli biyu:

(a) Dogs chase goats.
(b) The dogs will have chased the goats.

Jimla ta (a) gaɓa 3 gare ta, ta (b) kuwa 7, amma kowacce bugu 3 take da shi a bakin mai harshen, domin ƙananan kalmomin matse su ake yi a tsakanin manyan. A nan ne babban amfanin waƙa yake, domin tafi yana iya nuna wa yaro wannan bugu ba tare da dogon bayani ba. Sai dai abin da aka fi ji a azuzuwa shi ne tafi a kan kowace gaɓa, a ba kowacce cikakken wasalinta. Wato ke nan an yi amfani da waƙar wajen rushe abu guda da ta fi kowace hanya iya koyarwa.

Akwai kuma batun karin sauti. Hausa tana bambanta ma'ana da karin sama da na ƙasa da faɗau, kuma Richards (1972) ya nuna akwai dangantaka, ko da yake ba cikakkiya ba, tsakanin karin sautin kalmomi da hawa da saukar rauji a waƙar Hausa. Saboda haka ana iya hasashen cewa yaron da ya fara jin kalmar Ingilishi a cikin waƙa zai iya ɗaukar hawan raujin a matsayin wani ɓangare na kalmar. Maganin wannan shi ne duk kalmar da aka rera a kuma faɗe ta cikin magana zalla a darasi guda.

4.3 Amsa-amo

Amsa-amon Hausa a kan gaɓar ƙarshe yake, baƙi da wasalinsa, kamar “-wa” ko “-na”. Na Ingilishi kuwa yana farawa daga wasalin da aka danna zuwa ƙarshen kalma, baƙin farko ne ke sauyawa, kamar a “cat” da “hat”. Kunnen da ya saba da na farko ba lallai ne ya kama na biyu da kansa ba. Ga kuma bambancin yawan wasula: Hausa tana da 5, kowanne gajere da dogo, da tagwan wasali, alhali Ingilishin Ingila da makarantu ke kwaikwayo yana da kimanin 20. Idan “cat” da “cut” suka zama ɗaya a bakin malami, amsa-amon da aka dogara da shi ya rikice. Amma Bahaushe yana da wata riba a nan: da yake harshensa yana bambanta dogon wasali da gajere, bambanta “ship” da “sheep” ba ya ba shi wahala sosai. Matsalolinsa, kamar yadda nazarin Jibril (1982) a kan Ingilishin Nijeriya ya nuna, sun fi yawa a wajen rikita /p/ da /f/, da /b/ da /v/, da furta sautukan “th” kamar /s/ da /z/. Waƙar da aka tsara don yaron Landan ba ta san da waɗannan matsaloli ba, balle ta magance su.

5.0 Waƙoƙin da Ake Rerawa

Mafi yawan waƙoƙin da ke yawo a makarantun nazare suna cikin taskar da Iona da Peter Opie suka tattara a ƙamusunsu na waƙoƙin raino na 1951, ko kuma an aro su daga Amurka. Shahararriyar waƙar tauraro Jane Taylor ce ta wallafa ta a 1806. Waƙar ƙararrawa da ake rerawa a ƙarshen shekara James Pierpont ne ya fitar da ita a Amurka a 1857, kuma jigonta hawan keken da doki ke ja a kan dusar ƙanƙara. Akwai wadda ke ba da labarin rushewar gadar Landan. Ba a yi ko ɗaya daga cikinsu don koyar da baƙon harshe ba, shi ya sa suke ɗauke da tsofaffin kalmomi da ginin jimlar da ba a amfani da shi a magana.

Baƙuntar jigo ba aibi ba ce a kan kanta, domin ilimi yana buɗe wa yaro duniyar da bai sani ba. Aibin shi ne yaro ɗan shekara 5 ba shi da abin da zai rataya ma'anar a kai, malami kuma ba shi da abin da zai nuna. Wani lokaci ma jigon kan yi karo da rayuwar yaron. Waƙar da yaran Ingila ke korar ruwan sama da ita don su fita wasa ta dace da ƙasar da hadari ya gundure ta. Ɗan manomin da ya ga mutanen garinsu sun fita roƙon ruwa, da ya san abin da yake faɗa, da ya yi mamaki. Rashin mamakinsa shi ne shaidar cewa haddar aku yake yi.

Waƙar abacada ta Ingilishi ta cancanci kulawa ta musamman, domin kusan kowane yaro da ita yake farawa. An yi mata rajista a Boston a 1835, a kan wani tsohon raujin Faransa wanda waƙar tauraro ma take kansa. Tana da illa uku. Ta farko, an matse haruffan l, m, n, o a cikin lokacin da haruffa biyu ke ɗauka a sauran waƙar, sai yara su ɗauke su kamar kalma ɗaya. Ta biyu, amsa-amonta ya dogara da sunan da Amurkawa ke kiran harafin ƙarshe, “zee”, alhali makarantun Nijeriya “zed” suke koyarwa. Ta uku, wadda ta fi muni, sunayen haruffa take koyarwa, ba sautinsu ba. Sunan harafin e a Ingilishi daidai yake da sautin i na Hausa, sunan i kuma daidai da ai. Yaron da ke koyon karatun Hausa a lokaci guda yana karɓar saƙo biyu masu karo da juna a kan harafi ɗaya. Tsarin Jolly Phonics, wanda Sue Lloyd ta fitar da littafin jagorarsa a 1992 kuma ya shiga makarantun gwamnati a jihohi da dama, ya fi kusa da daidai, domin sautuka 42 yake koyarwa, kowanne da motsinsa. Duk da haka nasararsa ta rataya a kan furucin malamin da ke gaban aji.

6.0 Abin da Dandali Ya Tanada

Yaron Bahaushe ba ya zuwa makaranta hannu rabbana. Ya zo da gogewa a wasannin dandali, irin waɗanda Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara a jerin littattafansa na Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970. Ƙirar waɗannan wasanni ta dace da koyar da harshe fiye da yadda ake zato.

A wasan gaɗa, jagora ce ke kawo ɗan waƙa, sauran su karɓa da amshi da tafi. Amshin ba ya sauyawa, jagora kuma takan musanya suna ko kalma ɗaya daga wannan ɗa zuwa wancan. Wannan ita ce ainihin ƙirar darasin musanya kalma da littattafan koyar da harshe ke wahalar tsarawa: jimla ta tsaya, gurbi ɗaya yana sauyawa. Malami na iya ɗaukar jimla guda ta Ingilishi, yara su yi da'ira, kowa ya cike gurbin da sunan abin da ke hannunsa, aji ya amsa.

Wasan jini-jini ya fi wannan ma. Jagora yakan jero sunayen dabbobi yara suna amsawa, kwatsam sai ya sako abin da ba shi da jini, kamar dutse. Duk wanda ya amsa ya faɗi. Ba a cin wannan wasa da hadda, sai da saurare da fahimta, wato abin da waƙoƙin aro suka rasa. Idan aka cire dukan da ke biyo bayan kuskure a dandali aka musanya shi da zama, ana iya gwada ma'anar kalmomin Ingilishi da shi, ana kuma iya gwada kunne a kan “pan” da “fan”, ko “berry” da “very”.

Sai dai akwai sharaɗi. Ƙirar wasan za a ara, ba raujinsa ba. Raujin gaɗa a kan nauyin gaɓar Hausa aka gina shi, kuma idan aka ɗora masa kalmomin Ingilishi zai tilasta musu karinsa, a koma gidan jiya. Tafi ya sauka a kan gaɓar da aka danna kaɗai. Wannan kuwa yana buƙatar malamin da shi kansa yake jin dannin. Shirin Firamare na Shekara Shida da Fafunwa ya jagoranta a Jami'ar Ife daga 1970 ya koyar da yara da Yarbanci, ya damƙa darasin Ingilishi a hannun malami ƙwararre, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu a Ingilishi ba. Darasin da ke ciki shi ne ingancin abin da yaro ke ji ya fi yawansa tasiri.

7.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa waƙa da wasannin kiɗa suna sake wa yaro jiki, suna kuma dasa sautuka a ƙwaƙwalwarsa, amma ba sa tantance furuci mai kyau da gurɓatacce, ba sa kuma kawo ma'ana da kansu. Ta kuma nuna cewa bambancin ƙirar gaɓa da kari da amsa-amo tsakanin Hausa da Ingilishi yakan sa a rera waƙoƙin aro da karin gida, a yi asarar amfaninsu. Don haka ana ba da shawarar a auna kowace waƙa da tambayoyi uku kafin ta shiga aji: wane sauti ko ginin jimla take koyarwa, shin ana iya nuna ma'anarta da hannu ko da hoto, kuma shin yaro zai iya cire jimla daga cikinta ya yi amfani da ita a magana. Ya kamata kwalejojin ilimi su haɗa malaman sashen Ingilishi da na harsunan Nijeriya su tsara wasannin aji a kan ƙirar wasannin kowace al'umma, a kuma horar da ɗalibai malamai a kan danni kafin a sa su tafi a gaban yara. Ƙarar muryoyin da ke fitowa daga aji da hantsi ba ita ce ma'aunin koyo ba. Hausawa na cewa ba girin-girin ba, ta yi mai.